Karan masallaci ne ko waninsa? Bibiyar wani tsiro a duwatsun Dutse

9 ga Maris, 2024

Akwai wani tsiro da na ci karo da shi a tsaguwar wani fa cikin duwatsun bayan garin Dutse, na ce bara in buɗe masa shafi in dinga rubuta duk abun da na gani da kwanan wata. Abun da nake so shine in kai shi har sunan jinsinsa na kimiyya, ba wai in tsaya a "ai irin su kaza ne" ba.

Yadda yake: karare ne a tsaye cunkus daga gindi ɗaya, mafi tsawon ciki ya kai santimita 40 da 'yan kai, daga ƙasa kaurin babban yatsa, yana zuwa sama yana sirancewa. Kusurwa huɗu gare shi, tsakanin kusurwa da kusurwa ya ɗan loma ciki, kuma a kan kowace kusurwa akwai 'yan haƙora a jere amma ba ƙaya ba ce, in ka shafa ba ta soke ka. Kore ne mai toka-toka, gefen da rana ke duka ya yi ja-ja. Ba ganye, ba fure, ba 'ya'ya, to dama wa zai yi fure a wannan zafin.

Na karya ƙarshen kara ɗaya da tsinke, ruwan da ya fito garai yake, ɗan kaɗan ne ma, babu farin nono ko ɗigo. Wannan shine abu na farko da ake dubawa a irin tsirran nan masu ajiye ruwa a jiki, saboda su tinya da ƙyarana, wato dangin Euphorbia, da ka taɓa su farin nono ke tsartuwa, kuma nonon tinya ba abun wasa ba ne, da shi ake dafin kifi kuma in ya shiga ido sai dai Allah ya kiyaye. Shi yasa ma na yi da tsinke ban sa hannu ba.

23 ga Maris

Azumi ya hana hawa dutse, sai aikin waya. Na saka hotunan a wata manhaja mai gane tsirrai, ta ce mun wai kaktus ne, na sake saka wani hoton ta ce Euphorbia, na uku ta kawo mun Cissus quadrangularis. Duk ukun ba su yi ba. Kaktus 'yan nahiyar Amurka ne, wanda muke gani a nan kawo shi aka yi, kuma ƙayarsa daga wani ɗan dunƙulen gashi take fitowa, wannan ba shi da shi. Euphorbia mun riga mun sallame ta tun a kan maganar nono. Shi kuwa Cissus ɗin gaskiya yana da kusurwa huɗu amma mai yaɗo ne, gaɓa-gaɓa yake kuma yana da 'yan zaren da yake kama bishiya da su, nawa kuwa a tsaye yake ƙyam ba ya neman abun jingina.

Ba laifin manhajar ba ne sosai, tsirran da suka saba da ƙarancin ruwa duk sukan ɗauko fasali ɗaya, su yar da ganye su kumbura kara, ko da kuwa babu dangantaka tsakaninsu. Hoton kara kaɗai ba ya kai mutum ko'ina.

20 ga Afrilu

Yau na nuna wa wani dattijo mai maganin gargajiya hoton a kasuwa, ko second biyu bai yi ba ya ce "ɗana ai karan masallaci ne wannan, a ina ka samo?" Na ce Baba a bayan gari ne cikin duwatsu. Ya ce su suna amfani da shi wajen ciwon ciki, wasu kuma a gida ma suke dasa shi. Na ce Baba yana fure kuwa? Ya ce yana yi da damina amma sai mai lura, ƙanana ne baƙi-baƙi a can saman karan.

Da na dawo na bi sunan, a rubuce karan masallaci shine Caralluma dalzielii. To an samu bakin zare. Amma ban rubuta shi a matsayin amsa ba tukun, don Baba hoton kara ya gani a waya, kuma a yankin nan namu na Afirka ta Yamma akwai 'yan uwansa da karansu ke kama da juna, sai fure ke raba gardama. Ga waɗanda na ware zan gwada shi da su:

Caralluma dalzielii ɗin kanta, wadda saman karanta ke sirancewa furanni su fito ɗai-ɗai ko bibbiyu a jikin siririn wajen suna reto. Sai Desmidorchis acutangula, wadda tsofaffin littattafai ke kira Caralluma retrospiciens, ita ƙatuwa ce, tana kai mita guda, karanta kauri sosai, furanninta kuma dunƙulewa suke wuri ɗaya a kan karan su yi ƙwallo baƙi ƙirin mai warin mushe, ana samunta a Sahel tun daga Muritaniya da Mali har Somaliya. Sai Orbea decaisneana, ita ba ta miƙewa sosai, jikinta dabbare-dabbare ne kuma haƙoranta dogaye masu tsini. Akwai kuma Huernia, gajeru ne su, furensu kamar ƙararrawa daga gindin kara yake fitowa.

Da ido dai Orbea da Huernia sun riga sun faɗi, nawa ba dabbare ba ne kuma ya fi su tsawo nesa ba kusa ba. Saura biyu, kuma acutangula tana ƙarama za ta iya rikita mutum, musamman wadda ta sha rani ta motse.

11 ga Mayu

Na yanko kara biyu, biyu kacal, sauran na bar su inda Allah ya ajiye su. Na shanya su a inuwa sai da bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo sannan na dasa a tsohon bokitin fenti da na huda wa gindi, yashi da tsakuwa na zuba sai 'yar ƙasa kaɗan. In ka dasa shi da ɗanyen ciwo ko a ƙasa mai riƙe ruwa ruɓewa yake daga ƙasa. Hajiya ta leƙo ta ce "kai kuma yanzu ciyawar dutse ka koma kiwo?" na ce Hajiya makaranta ce. Ta ce to Allah ya ba da sa'a, kar dai ka ajiye mun kusa da randa.

Dalilin dasawar shine in furen ya zo in gan shi a gida safe da yamma, don ba kullum mutum zai hau dutse ba kuma furen irin waɗannan ba ya daɗewa.

22 ga Yuni

Ruwa ya sauka sosai, na koma wajen uwar. Kai ka ga yadda ta canza, jan nan duk ya tafi, karare sun cika sun yi ɓul-ɓul, kuma sababbin tofo sun fito. A kan sabon tofon ne na ga abun da ban gani ba da rani: kowane haƙori yana ɗauke da wani ɗan mitsitsin ganye mai tsini, milimita biyu zuwa uku, wanda ba ya jimawa yake bushewa ya faɗi. Kuma bibbiyu suke fitowa suna kallon juna, na sama su gitta na ƙasa, wannan gittawar ce ke ba karan kusurwa huɗun nan. Haka ganyen tumfafiya yake jeruwa in ka lura, kuma ba mamaki don dangi ɗaya ne, Apocynaceae, su tumfafiya da yaɗiya da kariya duk nan suke. Da can ana ware su tumfafiya a dangin Asclepiadaceae, a tsofaffin littattafai a ƙarƙashin wannan sunan za ka neme su, daga baya aka haɗe su.

Babban abun shine saman manyan kararen ya fara zarcewa, ya yi siriri kamar tsinken tsintsiya mai ɗan kauri, wani ya ƙara kusan santimita 12. Acutangula ba ta yin haka, kanta a dakushe yake. Na fara jin ƙamshin amsa amma dai mu jira.

13 ga Yuli

Alhamdulillahi fure ya buɗe. Ba na bokiti ba, shi har yanzu saiwa yake kamawa, na kan dutsen ne. Wallahi da ban san inda zan duba ba da na wuce shi, Baba ya yi gaskiya sai mai lura.

Bara in rubuta dalla-dalla tun abun na gabana. Furannin a jikin siririn saman nan suke, a warwatse daga ƙasa zuwa sama, wani gurbin ɗaya wani biyu, na ƙasa sun riga na sama buɗewa, can ƙarshe kuma 'yan ƙunshi ne da ba su buɗe ba. Kowanne yana da ɗan gajeren wuya kuma ƙasa yake kallo, reto yake. Na sa rula, faɗin buɗaɗɗe bai wuce santimita ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Kunnuwa biyar, sirara masu tsini, gefensu ya ɗan naɗe baya. Launi ja ne mai duhu har yana neman baƙi daga tsini, daga ciki kuma ya fi haske da 'yan zane-zane na ja a gicciye. Sai gashi, a gefen kowane kunne akwai 'yan gashi masu duhu waɗanda ko numfashi ka yi kusa da su sai su kama rawa, na daɗe ina hura musu iska kamar yaro. Wari akwai amma sai ka kai hanci, ba irin wanda zai kore ka daga wuri ba.

Hoto ya ba ni wuya, kyamarar waya ba ta son abu ƙarami mai duhu da ke motsi, sai ta kama dutsen baya ta bar furen. Dabarar da ta yi aiki ita ce na sa farar takarda a bayansa, ƙanena ya tare iska da jikinsa, sannan na ɗora gilashin ƙara girma a bakin kyamarar. Na ɗauka ta gaba, ta gefe, ta baya, da rula a cikin hoton, sannan tsiron gaba ɗaya da wajen da yake. Duk wanda zai tambayi masani sunan tsiro ya yi haka, hoto ɗaya daga nesa ɓata lokacin mutane ne.

Da wannan acutangula ta fita kwata-kwata, babu ƙwallon fure a ka.

14 ga Yuli

Na tsinko fure ɗaya jiya na sa a 'yar kwalba da sifirit, yau na zauna da shi da allura da gilashi. A tsakiya akwai wani ɗan rawani mai hawa biyu, na waje da na ciki, ya lulluɓe mazan da matan furen da suka manne wuri ɗaya. Ba shi da garin fure irin wanda ke bin iska kamar na gero ko masara, nasa a dunƙule yake cikin 'yan jakunkuna, bibbiyu a haɗe da wani ɗan maƙali mai duhu, guda biyar kewaye da tsakiyar. Ƙuda ne ke masa aiki, launin nan na nama da warin da gashin da ke motsi duk don a yaudare shi ne, ya sauka yana lalube sai bakinsa ko ƙafarsa ta shiga wata 'yar tsaga, in ya fizga sai ya tafi da jakunkunan, ya kai wa wani furen. Na samu na zaro guda da bakin allura, ƙanƙanta kamar me, sai da na rufe fanka don kar ya tashi.

Wanda ke son ganin wannan tsarin ba tare da wahala ba ya tsinki furen tumfafiya, iri ɗaya ne sai dai nata manya ne ana gani da ido.

3 ga Agusta

Na samu hoton shafukan Flora of West Tropical Africa, na Hutchinson da Dalziel, bugun da aka sabunta, juzu'i na biyu na 1963 shi ke ɗauke da dangin nan. Irin littafin nan tambayoyi yake maka bibbiyu, in kaza ne je lamba kaza in ba haka ba je kaza, har ya kai ka suna. Na bi shi da furen a gabana, maganar a dunƙule furanni suke a ka ko a warwatse a jikin siririn kara ita ce ta raba hanya, kuma ya sauke ni a kan Caralluma dalzielii. Na sake bi daga farko kamar ban san amsa ba, nan dai ya kuma kawo ni. Sannan na gwada da hotunan busassun samfura da na ɗanyu da ke intanet, su GBIF da iNaturalist, fasalin ya zauna.

Sunan ma akwai tarihinmu a ciki. N. E. Brown, masanin tsirrai a lambun Kew na Ingila wanda ya shahara a kan tsirrai masu ajiye ruwa, shi ya raɗa shi a 1912 don girmama John McEwen Dalziel. Dalziel likita ne ɗan Sikotland da ya yi aiki a Arewacin Najeriya zamanin Turawa, yana duba marasa lafiya yana tara tsirrai yana aikawa Kew, kuma a 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma. Ya rasu 1948. Abun da ke ɗan tsaya mun a rai shine sunayen Hausar nan da amfaninsu ai daga bakin irin su Baban kasuwa ya ji su, manoma da makiyaya da masu magani, shi sunansa ya hau kan tsiro su kuwa ko ɗaya ba a san sunansa ba. Amma dai ba don ya rubuta ba da yau ban samu bakin zaren daga "karan masallaci" zuwa Latin cikin minti biyar ba, wannan kam a ba shi.

24 ga Agusta

Na ɗauka an gama, ashe akwai sauran rina a kaba. Tsiron bai canza ba, masana ne ba su daidaita a kan sunan ba.

A Indiya akwai Caralluma adscendens, William Roxburgh ya bayyana ta tun 1795 daga gaɓar Koromandel da sunan Stapelia adscendens, sannan Robert Brown ya kafa rukunin Caralluma a 1810 a kanta. Ita ma kara mai kusurwa huɗu, sama siriri, ƙananan furanni masu gashi suna reto. Wasu masana sun duba suka ce tamu da tasu abu ɗaya ne da ya bazu daga Senegal ya bi Sahel ya ratsa ƙasar Larabawa har Indiya, kuma ƙa'idar sunayen tsirrai ita ce in an haɗe biyu tsohon suna ke ci, don haka a wajensu dalzielii ta zama adscendens. Wasu kuma sun bar ta Afirka ta Yamma da sunanta. Shi yasa za ka buɗe wani shafin ka ga wannan ka buɗe wani ka ga wancan. Ta Indiyan nan ma cin ta suke kamar kayan miya a wasu yankuna, kuma nau'inta da ake kira fimbriata shi ake sarrafawa ana sayarwa da sunan maganin rage cin abinci. Kar wani ya karanta wannan ya je ya tsinko na dutse ya tauna don Allah.

Bayan wannan kuma a 2017 Peter Bruyns na Afirka ta Kudu da abokan aikinsa, bisa binciken ƙwayoyin gado, suka kawo shawarar a kwashe duka 'yan wannan gungun, su Caralluma da Orbea da Huernia da Stapelia, a zuba su cikin rukuni ɗaya Ceropegia. Wasu sun bi wasu ba su bi ba.

Ni dai ga matsayata. Zan rubuta Caralluma dalzielii N.E.Br., in ƙara a ƙasa cewa wasu na ɗaukarta a matsayin C. adscendens. Dalilina, da wannan sunan littafin yankinmu ya san ta, da shi masu binciken magunguna a jami'o'inmu ke wallafa aikinsu a kan karan masallaci, kuma in gobe an tabbatar abu ɗaya ne ba a yi asarar komai ba, mai karatu zai san ta Afirka ta Yamma ake nufi. In kuwa na rubuta adscendens kawai sannan aka zo aka raba su, an rasa wacce na gani.

15 ga Satumba

Ruwan bana ya yi yawa, ɗaya daga cikin na bokiti ya ruɓe daga gindi ya yi baƙi ya lanƙwashe, na cire shi na matsar da bokitin ƙarƙashin rumfa. Ɗayan lafiya lau har ya yi tofo biyu.

Ana haka na fara haɗa samfurin da zan kai ma'adanar busassun tsirrai, don hoto ba ya zama hujja kamar tsiron kansa. Busar da irin wannan aiki ne, in ka danne shi cikin jarida yadda ake wa ganye ba ya mutuwa, sai ya yi makonni a raye har ya yi tofo fari a cikin takardar ko kuma ya yi fumfuna. Sai an kashe shi tukun. Na tsaga karan gida biyu a tsaye, na kankare tsokar ciki, na tsoma a ruwan zafi na ɗan lokaci, sannan na jera a jarida tsakanin kwalaye na ɗora bulo, kullum ina canza jaridar. Na yanka wani siriri a gicciye shi ma na busar don a ga kusurwa huɗun. Furanni kuwa a sifirit suka fi, launi yana tafiya amma fasalin rawanin nan yana nan, shi yasa na rubuta launin a takarda tun suna ɗanye.

26 ga Oktoba

'Ya'ya sun fito a kan dutse. Daga gurbin fure ɗaya kwanso biyu ne sirara masu tsini suka rabu kamar ƙaho, na auna ɗaya ya kai santimita 9, jikinsu da zane-zanen ja a tsaye. Ɗaya ya riga ya tsage ta gefe, iri falle-falle ruwan ƙasa a jere, kowanne da tuntun farin gashi a ka irin na audugar tumfafiya, iska na ɗiba. Furanni da yawa aka yi amma waɗanda suka ɗaura 'ya'ya ba su fi a ƙirga da yatsu ba, aikin ƙuda ba kullum yake ci ba. Na ɗaure kwanso ɗaya da zare don kar ya watse kafin ya gama nuna.

16 ga Nuwamba

Na kai samfurin sashen nazarin tsirrai na wata jami'a nan kusa, kara busasshe da kwanso da kwalbar furen da hotuna da na wanko, da takardar bayani: wuri, lambobin GPS, kwanan wata, cewa a tsaguwar fa yake cikin 'yar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, tsawo, launin fure, ruwan jiki garai, da sunan Hausa. Malamin da ke kula da wajen ya ɗauko nasu samfurin ya jera da nawa, kwalbar ya fi daɗewa a kai. Ya ce "Malam wannan dalzielii ce, kuma ka kyauta da ka kawo fure, yawanci kara kawai ake kawo mana a ce mu ba da suna." Na ce ranka ya daɗe to maganar adscendens fa? Ya yi dariya ya ce a bar wa manya su gama rigimarsu, shi dai a kabad ɗinsa dalzielii take. Sun karɓi samfurin, za su manna shi a kati su ba shi lamba.

Irin da na tara yana cikin ambulan, sai farkon damina zan shuka a yashi in ga ganyen farko. A can gefen yamma na dutsen kuma na hango wani cunkus ɗin daban a ƙarƙashin wata ƙaya, gajere mai dabbare-dabbare da dogayen haƙora, na ɗauki lambobin wajen, shi sabon shafi zan buɗe masa.